Inda Za a Binne Cibiyar Mubina

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Mubina ce ta kawo mini littafin nan. Wai in riƙa rubuta abin da na tuna game da zuwana ƙasar nan, tana bukata saboda wani darasi da ta ɗauka a jami'a. Na ce, "Ni da na gudu daga aji biyu na sakandare a Malumfashi, yau ni za a karanta a jami'a? Lallai Amurka ta lalace." Ko murmushi ba ta yi ba. Ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta ashirin da ɗaya, duk barkwancina ta ji shi sau ɗari.

Na karɓa. Takardar ta fi ƙarfin rubutuna, wanda yake kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai. Amma na yanke shawara, littafin nan nawa ne. In ta yi tambaya da baki zan ba ta, iya abin da na ga dama.

To. Sunana Sanda. Ina tuƙa fokalif, 'yar motar ɗaga kaya, a wani siton kujeru da gadaje a bayan titin Wendover. Na sauka Greensboro a 1999. Shekara biyar na zo yi.

Laraba, 15 ga Janairu

Sanyi. Gwiwata ta hagu ta riga talabijin faɗa.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na tambayi Farfesa, haka nake kiran Mubina in ina son ta harare ni, wai wane irin darasi ne wannan da ake bukatar direban fokalif a ciki.

Ta ce littattafai suke karantawa na mutanen ƙasashen da Turawa suka mulka, waɗanda bayan yaƙin duniya na biyu suka cika jiragen ruwa suka nufi Landan da Faris neman aiki. Sun sauka da kwat marar kauri, sanyi ya yi musu maraba, masu gidajen haya suka rufe musu ƙofa. Daga baya su ko 'ya'yansu suka zauna suka rubuta. Na ce to me suka rubuta, kuka? Ta ce har da dariya. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, kusan ko'ina akwai wani mutum da ya ƙi sayen kujera mai kyau saboda wai ya kusa komawa, har ya tsufa a kan benci.

Na yi dariya sosai. Na ce wawa ne.

Muna tsaye a ƙofar gareji lokacin. A ciki akwai bokitaina goma sha ɗaya, na shigo da su saboda sanyi: zogale uku, sauran na yakuwa da tattasai da attaruhu. Shekara goma sha huɗu muna gidan nan, da filinsa a baya, ban taɓa sa shebur a ƙasarsa ba. Komai a bokiti. Mubina ta dubi bokitan ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni, ta shige ciki.

A wurin matata Hafiza ta koyi wannan. Uwarta ma haka take yanka ba wuƙa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na ba ta labarin Baffa Ilu, don ta san mu ma muna da namu, ba sai ta ara a littafi ba.

Wan mahaifina ne. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin duniya na biyu aka kai shi ƙasar Bama, ya dawo da rai, ya yi wata bakwai a gida ya kasa zama. Ya tafi Ikko, ya shiga aikin jirgin ruwa, wai shekara uku zai yi. Jirgi ya ajiye shi a Libaful ta Ingila. Hoto ɗaya ya aiko, da malafa da doguwar kwat, yana tsaye kamar wanda ake ƙirga masa numfashi. Daga nan shiru. A gidanmu in yaro ya cika yawo sai a ce, "Kai, Ilu za ka zama?"

Kakarmu ba ta taɓa yarda ya ɓata ba. Ina yaro nakan gan ta a bayan ɗakinta, gindin lemun tsami, tana yayyafa ruwa. A nan ungozoma ta binne mabiyiyar duk wanda aka haifa a gidan, da cibiyarsa bayan ta faɗi. Tasa na nan, ta mahaifina na nan, tawa ma. Kaka takan ce, "Cibiyarsa na nan. Ita za ta jawo shi." Har ta rasu tana faɗa.

Mubina ta tambaya da Turanci ko ya dawo. Na ce wataƙila jirgin ne bai samu mai ba.

Ta rubuta komai, har maganar man. Ta ce tana son ganin hoton. Na ce yana nan wani wuri.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An kama ɓarawo.

Na dawo daga sallar la'asar, Hafiza tana wurin aiki, na tarar Mubina ta sauko da tsohon koren akwatina daga saman wadirof tana neman hoton Baffa Ilu. Ta samu hoton. Ta kuma samu gwangwanin.

Ƙaramin gwangwanin man zafi ne, tsatsa ta fara cin murfinsa. Ta buɗe, ta ga auduga, ta ga wani abu baƙi busasshe kamar guntun kilishi. "Baba, what is this?" Na ce magani ne. Ta ce na me? Na ce na masu bincike a akwatin mutane.

Ta tsare ni da ido. Sai na zauna a bakin gado na faɗa mata.

Ranar da aka haife ta a asibitin garin nan, na bi nas har ƙofa ina roƙon a ba ni mabiyiya. Turancina lokacin bai wuce na lodi da sauke kaya ba. Ina nuna cikina, ina nuna ƙasa, ina kwatanta haƙa rami. Matar ta ɗauka ciwon ciki nake, ta nuna mini bayan gida. Haka aka tafi da ita, ban san inda ta ƙare ba. Da muka faɗa wa Inna, mahaifiyar Hafiza, Allah ya jiƙanta, a waya, salati ta yi ta yi kamar an yi rasuwa. Ta ce to in cibiya ta faɗi kada a yar, a kai ta Malumfashi a binne inda aka binne ta ubanta, kada yarinya ta tashi ba ta da wurin da yake kiranta. Ana gobe suna ta faɗi. Na sa ta a gwangwanin nan.

Mubina ta riƙe shi a tafin hannu. Sannan ta ce, "Amma Mama ta ce an binne. Tun 2018."

Na ce eh, haka Mama ta ce.

"Wa ya faɗa mata?"

Na ce wani maƙaryaci ne, ina ganinsa a madubi in zan yi aski.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kusa sauke wa sifabaiza kujera mai zaman mutum uku a ƙafa. Hankalina ba ya wurin.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yanzu ni fursunan Farfesa ne. Ba ta faɗa wa uwarta ba, amma duk Lahadi sai na zauna ta yi mini tambayoyi da waya a kan tebur tana ɗaukar murya. In na fara zille-zille sai ta ɗaga ido ta dubi wajen ɗakinmu. Ko ɗan sanda bai iya wannan ba.

Yau ta tambayi 2018. Na ce na je gida a 2011 ta'aziyyar mahaifina, na manta gwangwanin, wannan mantuwa ce ta gaskiya. A 2018 na tafi da shi a aljihun gaba. Na tarar Yaya Ma'aruf, wanda yake riƙe da gidan yanzu, ya sare lemun tsamin, ya shafe bayan ɗakin Kaka da siminti ya ɗora janareta. Babu wurin haƙawa. Shi ke nan.

Abin da na faɗa mata ke nan. Ga sauran, tunda littafina ne.

Akwai wuri. Gefen katanga akwai ƙasa kamar faɗin tabarma, simintin bai kai ba. Kwana goma sha takwas na yi ina cewa gobe.

Sun karɓe ni da kyau, wallahi ba abin da suka rage. Shi ne ma abin. Ruwan roba ake sayo mini, wai na randa zai ɓata mini ciki. Kowa na tabarma, ni kujera. Aka kawo mini tuwo da cokali. Ni Sanda, da nake lashe kwano har Kaka ta ce a bar wa mai wanke-wanke wani abu. Yaya da kansa in zai gabatar da ni sai ya ce, "Ga Ba'amurkenmu." Ana saura kwana biyu, matarsa Anti Kaltume ta leƙo ta ce, "Baban Mubina, yaushe ne komawa gida? In haɗa muku kuka da daddawa." Da zuciya ɗaya ta faɗa.

Da safen da zan taho na ari fartanya na tsuguna gefen katangar. Janareta na ƙara. Na ciro gwangwanin. Sai na ji kamar zan ajiye yarinyar a gidan mutane in tafi.

Na mayar aljihu. A filin jirgi Hafiza ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "An binne?" Na ce an binne.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama jiya. Wurin shan ruwa a masallaci na zauna kusa da Alhaji Mourtala, mutumin Maraɗi mai shagon kayan miya a titin Gate City. Bayan Sallah zai tafi gida, ta Kano zai sauka ya bi ta Katsina. Ban san me ya buɗe mini baki ba, ƙila ƙosai ne, na faɗa masa maganar cibiyar.

Ya yi dariya har ya ƙware. "Bon, Malam Sanda, kawo. In sa a balis, akwatin kayana, 'yan duwan, kwastan ɗinku, ba ruwansu da man zafi. In biya Malumfashi in ba yayanka ya binne. Ƙaryarka ta zama gaskiya, sai dai ta makara shekara bakwai."

Dabara ce mai kyau. Ba tashin hankali, Hafiza ba za ta taɓa sani ba, Inna ta huta a kabarinta. Na ce zan kawo.

Lahadi, 9 ga Maris

Mubina ta jira muka sha ruwa sannan ta ajiye takarda a kan tebur. Wata jami'a a Ingila ta ɗauke ta ƙarin karatu. A Libaful. Watan Satumba. Wai akwai tsofaffin takardun ma'aikatan jiragen ruwa a can, za ta nemi sunan Baffa Ilu, ƙila har kabarinsa.

Hafiza ta rangaɗa guɗa kamar muna tsakar gida a Malumfashi. Ni ma na ce masha Allah, na ce yanzu sai a gaishe ni da kyau, uban Farfesar gaske.

Ta dafa hannuna ta ce, "Shekara ɗaya ce kawai, Baba."

Ɗaya. Baffa uku ya ce. Ni biyar. Mu dai gidanmu ba mu iya ƙirga shekara ba.

Na tashi na ce zan duba bokitaina.

Lahadi, 16 ga Maris

Ruwa aka wuni yi. Ruwan nan ba shi da ƙamshi, kan kwalta yake sauka ya bi kwata.

Na tuna ruwan farko a gida. Yadda ƙasa take tashi da ƙamshi har ka ji kamar ka ɗiba ka ci. Mu fita tsirara, Kaka tana ihu a rufe mata gero. Washegari gara ta fito, kaji su haukace. Na tuna kasuwar auduga, manyan motoci sun yi layi, muna hawa tulin buhuna muna faɗowa. Ban san me ya sa yau lemun tsamin nan ya tsaya mini a rai ba. Ko 'ya'yan kirki ba ya yi.

In na ce ina kewar gida, wanne nake nufi? Wancan da nake nufi sai an tono mutane da yawa kafin a haɗa shi.

Kai Sanda, azumi ne. Je ka kwanta kafin la'asar.

Asabar, 5 ga Afrilu

Sallah ta wuce. Gobe Alhaji Mourtala zai tashi.

Ƙarfe goma na safe na kai masa gwangwanin a shago, na naɗe a leda uku. Ya sa a aljihun jaka, ya zuge. Muka yi addu'a. Na shiga mota na hau Gate City, na ji sakayau, har na kunna rediyo.

A danja ta uku na fara lissafi. Yaya Ma'aruf zai karɓa, zai ce to, zai ba wani ya tona gefen katanga in ya tuna. In Kaka ta yi gaskiya, abin nan yana ja. To ya ja ta zuwa ina? Ta tashi daga Libaful ya kai ta gidan da za a ba ta tuwo da cokali, ni kuma ina nan ina gadin bokiti?

Na juya a gidan mai na koma shagon. Alhaji yana auna wa wata mata garin rogo, ya gan ni, ya zuge jakar ya miƙo. Sai da na kai ƙofa ya ce, "Malam Sanda, cibiyar nan ta fi ni yawo. A yi mata fasfo mana."

Ta koma akwati. Ban san me nake yi ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ranar Alhamis 'yan ajinsu Mubina za su karanta abin da suka rubuta a gaban jama'a, an gayyaci iyaye. Ta ce gwangwanin yana cikin nata. Na ce cire. Ta ce cibiyarta ce. Gaskiya kuwa tata ce.

"Ka faɗa wa Mama kafin Alhamis."

Na ce in sha Allah. Ta ce wanne, na gaske ko naka?

Laraba, 16 ga Afrilu

Nawa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na ɗauki rabin yini a wurin aiki. Na sa babbar riga, don in za a kashe mutum gara a same shi da shiga mai kyau.

Ɗaki ne mai kujeru kamar hamsin, da biskit a kan tebur. Wani ya karanta na kakansa daga Jamaika, wata na uwarta daga Biyetnam. Ina gyaɗa kai inda kowa ya gyaɗa. Sai aka kira Mubina.

Turancin jami'a ba na sito ba ne, rabi na kama. Na ji Baffa Ilu da malafarsa. Na ji Kaka da lemun tsami. Na ji bokiti goma sha ɗaya, mutane suka yi dariya, ni ma na yi don kada a gane ni ne. Sannan ta rage murya. Abin da na fahimta, cewa ta yi mutanen littattafan nan sun ɗauki akwati sun ƙetare teku, mahaifinta kuma ya ɗauki guntun jikinta ya ƙetare teku da shi ya dawo, saboda bai samu ƙasar da ya amince ya bar mata ita ba. Ta ce da tana jin ba ta da wuri. Yanzu ta gane shekara ashirin da ɗaya wurinta aljihun wani mutum ne.

Ban dubi Hafiza ba. Tana gefena, Turancinta ya fi nawa nesa, gidan kula da tsofaffi take aiki. Ina jiran ta miƙe. Tafi kawai ta yi.

Malamarsu ta zo ta riƙe hannuna da hannu biyu tana magana. Na ce tankiyu sau shida.

A mota mu biyu, Mubina ta tsaya da ƙawayenta. Sai da muka wuce shagon Alhaji na samu bakin magana. Na yi gyaran murya na ce, "Maman Mubina, akwai wata 'yar magana."

Ta ce, "Malam, auduga tana shekara bakwai fara fat?"

Na ce wace auduga?

"Ta cikin gwangwanin. Wa kake tsammani yake canjawa duk Sallah? Aljanu?"

Na kusa hawa bayan wata motar. Tun satin da na dawo ta gani, tana kwashe kaya daga akwatin. Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, "Ina jira ka gama tafiyar." Ta gyara mayafinta. "Ni tun ranar da na durƙusa na haihu a garin nan na san inda nake. Kai ne kake tsaye a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, kana hana mutane wucewa."

Shekara bakwai ina ɓoye wa mace abin da take yi wa shara.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ina fito da bokitai rana, maƙwabcinmu Dattijo Eli ya jingino da shinge. Baƙar fata ne ɗan ƙasa, tsohon direban bas, ya haura saba'in. Duk shekara sai ya ce, "Mista Sanda, ƙasa ba ta cizo." Duk shekara in ce masa tafiya za mu yi.

Yau na tambaye shi, in mutum zai haƙa ɗan rami a bayan gidansa, ina ya fi? Ya cire hula ya dube ni. Na faɗa masa dalili, ina jiran ya yi mini kallon da nas ɗin nan ta yi mini. Sai ya ce kakarsa ungozoma ce a ƙauyensu, can gabashin jihar nan, kuma ba ta taɓa barin a yar da mabiyiya ba. Gindin bishiya take binnewa. Tasa tana ƙarƙashin wata bishiya da yanzu ta zama wurin ajiye motoci. Na ce tawa janareta. Muka yi dariya irin wadda ba ta da daɗi sosai.

Ya shiga ya fito da ɗan dashen ɓaure daga nasa. Ya ce amma kada in taɓa ƙasa sai na kira wata lamba, a zo a duba inda bututun gas da wayar wuta suka bi.

Ƙasar da sai an yi maka rajista kafin ka tona ramin da bai kai na ɓera ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mai duba bututu ya zo da wata na'ura kamar sandar makaho. Ya zagaye filin, ya fesa fenti, ya kafa 'yan tutoci ja da rawaya. Gidana kamar za a yi taron siyasa. Ya ce me zan shuka? Na ce bishiya. Da na faɗi gaskiya da har yanzu ina ofishin 'yan sanda ina kwatance da hannu.

Kusurwar da ke bayan tagar ɗakin Mubina ba tuta. Ba ni na zaɓa ba, gas ne.

Asabar, 26 ga Afrilu

Da hantsi. Na ari shebur wurin Eli, tunda ni mai gida ne da ba shi da shebur.

Na cire ciyawa, na danna. Ƙasar ja ce. Ja wur, mai danƙo, irin wadda ake kwaɓawa a yi tubali a gida. Shekara ashirin da shida ina taka kwalta da siminti da kafet, ina sayen baƙar ƙasa a leda ina zuba wa bokiti, ashe wannan na ƙarƙashina. Na ɗebo na shinshina. Hafiza ta ce, "Ci za ka yi?" Na ce ina duba inganci ne.

Ita ta buɗe gwangwanin. Ta ciro cibiyar, ta naɗe a sabon farin ƙyalle, ta yi bismilla, ta yi wa Inna addu'a da Kaka, har da Baffa Ilu. Ta miƙo mini. Ba nauyi, kamar ba komai a ciki. Na tsuguna, gwiwata ta yi ƙara har Eli ya jiyo daga shinge. Na sa. Mubina ta fara zuba ƙasa da hannunta, sannan muka dasa ɓauren a kai.

Tana wanke hannu ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, da gaske yana ja? Baffa Ilu bai dawo ba."

Na ce ni ɓaure na shuka, Farfesa, kada ki sa ni a wani littafin.

Abin da ban faɗa mata ba: yana ja. Tawa tana can ƙarƙashin janareta, ba ranar da ba na jin ta, wani lokaci ina kan fokalif. Na tabbata shi ma ya ji tasa har ranar da aka rufe shi a cikin sanyin nan. Kaka ba ta yi ƙarya ba. Ba ta dai ce igiyar tana da ƙarfin ɗauko mutum ba.

To ta ja ta. Ko ba ta ɗauko ta ba, ta riƙa jin wurin da muke.

Gwangwanin Mubina ta karɓe, wai da shi za ta Libaful. Na ce ki sa man zafi a ciki, sanyin can ba wasa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yaya Ma'aruf ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Ba'amurke, yaushe za a leƙo mu?" Na ce sai yarinyar nan ta gama ta dawo gida, mu taho tare mu gaishe ku. Ya ce Allah ya kai mu. Sai da na ajiye wayar na ji abin da na faɗa. Hafiza na kicin, na san ta ji. Ta ci gaba da yanka albasa.

Na juye zogale ɗaya a ƙasa, nesa kaɗan da ɓauren. Eli ya ce sanyin Disamba zai kashe shi. Na ce mu gani.

Ba wani abu ba ne, bokitin ne ya tsage. Sauran goma lafiyarsu lau.

Sai dai na yakuwar nan ma kamar ya fara.